Giya, burkutu, barasa: wace ce wace?

Wata malamar makaranta daga Tawa ta rubuto tana cewa ɗalibanta sun tambaye ta ko giya da burkutu da barasa abu ɗaya ne, kuma ina kalmar tsiro ta shigo cikin zancen. Ta ƙara da cewa ta ji nauyin kawo maganar, tun da abin haram ne.

Malama, kada ki ji nauyi. Haramcin giya a Musulunci a fili yake, aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta yanke hukunci, kuma hadisi ya ce abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Amma wanda bai san sunan abu ba, yaya zai gane shi har ya kauce masa? Kalmomin nan namu ne, ya kamata yara su san su.

Giya ita ce uwar kalma. Duk abin sha mai bugarwa ana iya kiransa giya, da ita ma ake fassara "khamru" a tafsiri. Sai dai asalin giyar ƙasar Hausa ta hatsi ce, dawa ko gero. Burkutu nau'i ne a cikinta, mai kauri da tsami, launinsa ja-ja, a ƙwarya ake shansa. Fito ɗan'uwansa ne, ya fi shi tsinkewa. A Yamai za ki ji ana cewa capalo ko dolo, waɗannan baƙin sunaye ne da suka shigo daga maƙwabta irin su Burkina Faso. Barasa kuwa an fi nufin mai ƙarfi, wadda aka tafasa aka tara tururinta ya koma ruwa. Ita takan kai kashi 40 cikin 100 na sinadarin maye, alhali giyar kwalba takan tsaya wajen kashi 5. Bammi daban yake, ruwan itace ne da ake tatsa, babu hatsi a cikinsa.

Yanzu ga tsiro, wanda shi ne zuciyar aikin. Ƙwayar dawa cike take da gari, amma garin nan ba shi da zaƙi. Sai a jiƙa ta, a tsame, a shimfiɗa a rufe ana yayyafa ruwa kwana uku ko huɗu har ta fito da ƴan saiwoyi. A lokacin nan ƙwayar da kanta take samar da abin da ke juya gari ya zama sukari, domin ta ciyar da jaririn shukar. Kafin shukar ta cinye sukarin sai a shanya a rana, a niƙa. Wannan shi ne tsiro. Daga nan a dama da ruwa, a dafa, a bari ya kwana ya yi tsami, a sake dafawa, a tace, a bar shi ya huce. Har nan ruwa ne mai zaƙi, ba ya bugar da kowa. Abin da ke mai da shi giya shi ne yis, wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda ke cin sukarin su fitar da sinadarin maye da iska; iskar ce kumfar da ake gani a bakin tukunya. Masu dafawa sukan ajiye gindin tsohuwar giya su zuba a sabuwa, tun kafin Louis Pasteur na Faransa ya bayyana aikin yis a 1857. Turawa da sha'ir suke nasu tsiron, su ƙara wani fure mai ɗaci. Dokar yankin Bavariya na Jamus ta 1516 ta ce ruwa da sha'ir da furen nan kaɗai za a sa.

Shi ya sa nake jan hankalin iyaye mata masu sa tsiro a kunun zaƙi. Tsiro ba laifi ba ne. Amma kunu mai zaƙi in ya daɗe a zafi irin na ƙasar Adar, yankin Tawa, yana kumfa, to yis ya fara aikinsa.

Wani ɗan'uwa direba daga Yamai shi kuma ya tambayi ma'anar "ruwa ba ya tsami banza". Ɗan'uwa, ruwa zalla ba shi da abin da zai yi tsami. In ka ji ya sauya, to gasara ko ƙullu ko tsamiya ta shiga. Ana faɗinsa idan mutum ya canza fuska ko hali ba zato, ana nufin akwai dalili a ɓoye, a bincika kafin a yanke hukunci. Ina son karin maganar nan ƙwarai, domin ta hana mu gaggawar zargi.

Ya kuma tambayi "giyar mulki". Wannan ba karin magana ba ce, adon magana ne: an ɗauki halin mashayi, wanda ba ya jin kira kuma yana ganin kansa ya fi ƙarfin kowa, an ɗora wa mai riƙe da iko. Fi'ilin da ake haɗa ta da shi ma na maye ne, "ta ɗebe shi" ko "ta buge shi". Haka ake cewa giyar kuɗi.