Filin Tambaya da Amsa: 'Yan tsanan besbol sun fita daga raina

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a birnin Chicago na Amurka, kuma na daɗe ina tara 'yan tsanan nan masu gyaɗa kai na 'yan wasan besbol (wasan da ake dukan ƙwallo da sanda), waɗanda ake rabawa a ƙofar filin wasa. Yanzu sun cika mini kanta, amma ko kallonsu ba na yi. Shin in sayar da su ne? Kuma ina son sanin asalinsu da tarihin 'yan wasan da aka fara yi wa su.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Bari in fara da tarihin, domin a cikinsa ne za ka ga dalilin da ya sa abin ya fita daga ranka.

'Yan tsanan sun shiga harkar besbol a farkon shekarun 1960, lokacin da ake shigo da su Amurka daga Japan. Da niƙaƙƙiyar takarda da aka kwaɓa ake yin su, a ɗora kan a bisa sifirin, shi ya sa suke saurin tsagewa, kuma waɗanda suka kai yau lafiya lau suke da tsada. Mafi yawansu fuskar yaro ce kawai sanye da rigar ƙungiya, amma an yi wa 'yan wasa huɗu nasu na musamman: Mickey Mantle, Roger Maris, Willie Mays da Roberto Clemente. Daga baya yayinsu ya wuce, har sai ranar 9 ga Mayu, 1999, da ƙungiyar San Francisco Giants ta raba 'yar tsanar Willie Mays ga 'yan kallo a filin Candlestick Park. Sauran ƙungiyoyi suka ga yadda hakan ke jawo jama'a, sai suka mayar da shi hanyar sayar da tikiti, har ya kai kusan kowace ƙungiya tana raba iri-iri a kaka guda, dubbai a rana ɗaya.

A ganina, a nan matsalar take. Mai tara kaya yana jin daɗin abin da aka sha wahala kafin a samu, to idan abu ya zama ana miƙa wa duk wanda ya iso fili da wuri, kuma washegari an baza shi a eBay, shafin saye da sayarwa na intanet, daɗin neman ya tafi. Ba laifinka ba ne, kuma bai kamata ka tilasta wa kanka ci gaba ba.

Amma dubi uku daga cikin mutanen huɗun nan. Roger Maris ne ya buga ƙwallo ta tsallake shingen fili sau 61 a kaka guda a 1961, ya karya tarihin 60 da Babe Ruth ya kafa a 1927. Willie Mays, wanda ya rasu a 2024, ya yi irin wannan bugu sau 660 a rayuwarsa ta wasa. Labarin Clemente kuwa ya fi taɓa zuciya: ɗan Puerto Rico ne da ya yi wa ƙungiyar Pittsburgh Pirates wasa, ya kammala kakar 1972 da jimillar bugu mai nasara 3,000 cif-cif a rayuwarsa ta wasa (ba na tsallake shinge kaɗai ba), sannan ya rasu a hatsarin jirgin sama ranar 31 ga Disamba na shekarar, yana kan hanyar kai kayan agaji ga mutanen Nicaragua da girgizar ƙasa ta afka wa.

Shawarata ita ce ka zaɓi kaɗan da ke da irin wannan labari, ko waɗanda suke tuna maka wasan da ka kalla da idonka, ka ajiye. Ragowar kuma kada ka yi gaggawar rabuwa da su a kan kuɗi kaɗan. Waɗanda ke cikin kwalinsu na asali, ba tsagewa a wuya, sun fi daraja, kuma farashin da aka riga aka sayar da irinsu ya kamata ka duba, ba wanda masu talla ke nema ba. Tun da birnin Milwaukee ba shi da nisa da Chicago, akwai gidan adana irin waɗannan 'yan tsana da aka buɗe a can a 2019, kana iya ziyartarsa kafin ka yanke shawara.