Kawu, ga yadda aiki da ciwo suke a Amurka

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali, Kawu, ka tambaye ni ko gaskiya ne a Amurka ana iya korar mutum daga aiki don ya kwanta ciwo, kuma me ya sa 'yan'uwanmu na nan ba sa zuwa jinya ko zaman makoki sai ka ce an ɗaure su. Tambayoyin biyu tushensu ɗaya ne.

A kowace jiha ta ƙasar nan, ban da Montana, dokar asali ita ce mai aiki yana da ikon sallamar ma'aikaci duk ranar da ya ga dama, ba tare da ya ba shi wa'adi ko ya faɗi dalili ba, kamar yadda shi ma ma'aikacin yake da ikon ajiye aiki ya tafi yau. A Najeriya dokar ƙwadago ta ce wanda ya shekara biyar ana ba shi wa'adin wata guda, kuma ma'aikaci yana da kwana 12 na ciwo da albashi idan likita ya shaida. Nan kuwa daɗewa a wuri ba ta sayen komai a gaban doka, sai dai in mutum yana da rubutacciyar yarjejeniya ko yana cikin ƙungiyar ƙwadago, shi ya sa namu da ke aikin kula da tsofaffi a gidaje da asibitoci suke riƙe da ƙungiyarsu hannu bibbiyu. Daga cikin abin da aka hana akwai kora saboda launin fata, ko addini, ko jinsi, ko asalin ƙasa, bisa dokar 1964, da kora saboda naƙasa, bisa dokar 1990. Amma mai aiki ba ya rubuta cewa ciwo ne dalili. Cewa zai yi aiki ya ragu, a bar ka da neman hujja.

Babbar garkuwar mai ciwo ita ce dokar FMLA, wato dokar tarayya ta hutun ciwo da jinyar iyali, wadda Shugaba Bill Clinton ya sa wa hannu a 1993. Tana ba da hutun mako 12 a shekara saboda ciwo mai tsanani ko haihuwa ko jinyar iyali, inshorar lafiyar mutum ba ta yankewa, kuma idan ya dawo dole a mayar da shi kan aikinsa ko makamancinsa. Sai dai hutun babu albashi, kuma ba kowa ya cancanta ba: sai mutum ya cika wata 12 a wurin, ya yi awa 1,250 a shekarar da ta wuce, kuma mai aikin yana da ma'aikata 50 a cikin tazarar mil 75. To ka dubi inda mutanenmu suke a Bronx da Harlem, cikin birnin New York: shagunan kayan abinci, gidajen kitso, wankin mota, tuƙin Uber. Ƙananan shaguna ba su kai 50 ba, direban Uber kuwa ana ɗaukarsa mai zaman kansa ne, don haka dokar ba ta san da shi ba. Mu na New York mun ɗan fi wasu sa'a, domin jihar ta wajabta hutun ciwo, awa ɗaya a kan kowace awa 30 ta aiki, har zuwa awa 40 a shekara, ko 56 a manyan kamfanoni, kuma haramun ne a hukunta mutum don ya yi amfani da shi. Awa 40 ta ishi mura, ba ta ishi tiyata ba.

Inda abin ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne ma'anar iyali. FMLA ta san uwa da uba da mata ko miji da 'ya'ya kaɗai. Ba ta san kawu ko gwaggo ko yaya ba, ba ta kuma ba da hutun rasuwa. Akwai ƙofa guda da yawancinmu ba su sani ba: wanda ya riƙe ka tun kana yaro, ya tsaya maka matsayin uba, dokar tana lissafa shi uba ko da ba shi ya haife ka ba, kuma riƙo a wurinmu ba baƙon abu ba ne.

Saboda haka al'adarmu a nan ta ɗan sauya. A gida mutum yakan ɓoye ciwo, ya ce jiki ne da jini, ko ya aika wani ya faɗa wa maigida da baki. Nan duk sabon zuwa muna gaya masa ya sanar a rubuce, ko da saƙon waya ne, ya adana shi, ya karɓi takardar likita ya miƙa cikin kwana 15 idan an nema, domin a wurare da yawa wanda ya yi kwana uku bai zo ba bai kira ba, ana rubuta cewa shi ya bar aikin da kansa. Kuɗin haya da na abinci na makonnin da babu albashi kuwa, daga adashe da gudummawar masallaci bayan sallar Juma'a suke fitowa, kuma wanda aka kora ana raka shi wurin lauyoyin da ke taimaka wa masu ƙaramin ƙarfi kyauta, da wuri, tun da ƙarar nuna bambanci a EEOC, hukumar tarayya mai kula da nuna bambanci a wurin aiki, tana da wa'adi, kwana 180, ko 300 a jihohi irin tamu.