Amsa: Ruwan manitol da aka ɗaura wa ƙanenki, giya ce?

Hajiya, sannu da jinya, Allah ya ba shi lafiya. Kin ce bayan ya faɗo daga babur likitoci sun ce ƙwaƙwalwarsa ta kumbura, suka ɗaura masa manitol, sai wani ya ce miki wai giyar sukari ce.

Ki kwantar da hankalinki. Sunan ne kawai na masu ilimin haɗa sinadarai, ba ya bugarwa ko kaɗan. Danginsa, sobitol, yana cikin cingam da man goge baki.

Ƙoƙon kai ƙashi ne, ba ya buɗewa. Idan ƙwaƙwalwa ta kumbura ba ta da wurin zuwa, sai ta matse jijiyoyin da ke kai mata jini. Manitol idan ya shiga jini yana janyo ruwa daga ƙwaƙwalwa, kamar yadda gishiri ke fitar da ruwan yankakkiyar albasa, ƙoda kuma ta zubar da shi. Shi ya sa kika ga jakar fitsarinsa tana cika da wuri. Yawanci mai ƙarfin kashi 20 cikin 100 ake bayarwa, gram 0.25 zuwa 1 ga kowane kilo na nauyin mutum. Yakan fara aiki cikin minti 15 zuwa 30, ya yi 'yan awoyi.

Amma lokaci kawai yake saya, ba ya kwashe jini in ya taru a cikin kai, wannan yakan buƙaci tiyata. In aka yawaita shi yana wahalar da ƙoda, ya sa jini ya sauka, don haka kada ki ji haushin yawan ɗibar jininsa don gwaji. Wani lokacin akan koma ruwan gishiri mai ƙarfin kashi 3.

Idan kika hango ƙanƙara-ƙanƙara a kwalbar, musamman da sanyin hunturu, ki nuna wa nas. Sai an ɗumama ta narke kafin a ɗaura.