Gajeren sifirin a kan titin Legas

Na ga saƙonka, yaro. Ka ce abokinka na Agege yana da Corolla ta 2010, yana so a cire mata sifirin na kamfani, wato murɗaɗɗen ƙarfen da ke ɗauke da nauyin mota a kan taya, a sa gajere domin ta kwanta ƙasa, kana tambaya ko aiki ne da za ka iya yi kai kaɗai ranar Lahadi, da kuma ko gaskiya ne mota tana ƙara riƙe hanya idan an sauke ta. Da a bakin gareji ka tare ni da wannan tambaya, da na kore ka ka je ka wanke sifanu. Amma tunda ka rubuto inda sauran yara za su gani, bari in amsa sau ɗaya ya ishe ku duka.

Yadda ake ɗaga mota, a kwance taya, a zaro shok, wato ƙarfen da ke danne tsallen mota, da sifirin ɗinsa, ba zan ɓata bakina a kai ba. Wanda ya daɗe a hannuna kamar kai bai san wannan ba, gara ya koma gida ya kama noma. Abu ɗaya kawai: kada ka kuskura ka kwance notin saman shok ba ka matse sifirin da ƙarfen matsewa ba. Ba igiya ba, ba waya ba. Sifirin da aka yi don ɗaukar nauyin mota idan ya kufce, muƙamuƙi yake karyawa.

Maganar riƙe hanya kuwa, eh, gaskiya ce, amma da sharaɗi. Idan ka sauke mota da milimita 25 zuwa 35, wato abin da sifirin kirki irin na Eibach ko H&R na Jamus, ko Tein na Japan, suka saba saukewa don hawan yau da kullum, nauyinta ya matso kusa da ƙasa. Sifirin kuma ya fi na asali tauri. Saboda haka idan ka shiga kwana ba ta karkata sosai, idan ka taka birki gabanta ba ya dungurawa, sitiyari kuma yana amsawa da wuri. A kan gadar Third Mainland da asuba, hanya sumul babu kowa, za ka ji daɗinta har cikin ranka. Sai dai ka tambayi kanka, cikin tafiyar da abokinka yake yi a mako, nawa ce a kan hanya sumul?

Mota tana da tazarar da taya ke hawa da sauka a cikinta kafin ƙarfe ya daki robar da ke kan sandar shok. Duk abin da ka rage a tsayi, daga wannan tazara ka yanke shi. Ramin da a da take haɗiyewa ba ka ji ba, yanzu sai ya bugo har kujera. Kuma tayar da take tsalle a kan gargada ba ta riƙe komai, domin a lokacin ba ta ma taɓa ƙasa sosai. Ka ga motar da aka ce an sauke don ta riƙe hanya, a kan titin da ya farfashe ta fi ta kamfani zamewa. Wannan ne yaran yanzu ba sa ganewa, tunda a waya suke koyon aiki. Suna kallon motocin da ke gudu a titin Jamus da Amurka, su manta cewa su a tsakanin Oshodi da Apapa za su bi bayan tirela.

Sannan shok. Shok na kamfani an auna shi da laushin sifirin na kamfani da tsayinsa. Ka ɗora masa gajere mai tauri, sai ya zauna a matse kullum, ya kasa danne tsallen sifirin, mota ta riƙa rawa bayan kowane tudu. Ba da daɗewa ba za ka ga mai yana tsiyaya a jikinsa. Idan saukewar ta kai milimita 40 ko ta wuce, babu zancen barin tsohon shok, sai an sa gajere wanda aka yi don haka, irin Bilstein B8. To ka je ka tambayi kuɗinsu, ka dawo ka gaya wa abokinka, mu ga ko zai ci gaba da sha'awar.

Wannan tambaya taka ta tayar mini da wani miki, shi ya sa ma na zauna nake rubutu.

Wasu shekaru da suka wuce, gab da babbar Sallah, wani matashi ya kawo mini Honda Accord ɗin nan da ake kira EOD, mai silinda shida, baƙa, tokunbo ce da ba ta daɗe da fitowa daga tashar jirgin ruwa ba. Mahaifinsa ɗan canji ne, kuma ni nake gyara masa motocinsa tun yaron yana makarantar firamare. Ya buɗe but ya fito da kwali mai sunan wani kamfanin Turai, ya ce a intanet ya saya, sababbi fil. Ina ɗaukar guda a hannu na ji warin fenti. Sifirin na gaske akwai lamba a buge a jikinsa, an nuna na gaba da na baya, kuma ƙarshen zagayensa an lanƙwasa shi yadda zai zauna daram a mazauninsa. Wannan babu lamba ko ɗaya. Na sa bakin sukundireba na kankare jan fentin a ƙarshensa, sai ga sawun dutsen yanka yana ƙyalli. Tsohon sifirin ne na wata mota aka datse masa zagaye, aka fesa masa fenti.

Na nuna masa da idonsa. Na ce wannan idan taya ta sauka cikin rami zai iya fita daga mazauninsa, kuma babu wanda ya san nawa zai sauke motar. Sai ya kalle ni sama da ƙasa, ya ce tsofaffin makanikai ba su san zamani ba. Na ce ya ɗauki kwalinsa ya tafi. Bai bar wurin ba sai da ya kira mahaifinsa, Alhajin ya ce in yi wa Allah in yi masa abin da yake so, yaro ne, Sallah ce. Mutumin da ka daɗe kana cin arziki da shi ba ka iya ce masa a'a a waya. Na yarda bisa sharaɗi uku, na faɗe su a gaban abokin yaron da mai facin da ke gefenmu: za a sa sabon shok, za a kai ta alaimen, wato saitin tayoyi, kuma ba za ta shiga ruwa ko lungu ba sai na sake dubawa. Ya ce ya ji.

Da muka sauke jak, tayoyin gaba sun shige cikin madigadi, yatsa ɗaya ba ya shiga tsakani. Na leƙa ƙasa, tsakanin kwanon baƙin mai da ƙasa tafin hannuna a tsaye ba ya wucewa. Shi kuwa murna yake, yana ta ɗaukar hoto. Ya ba ni rabin kuɗin aiki, ya ce zai je ya nuna wa abokai, gobe da safe zai dawo da ciko da kuɗin shok. Goben ke nan har yau.

Sai da damina ta kankama, ruwan Yuni da Yuli da ke mayar da titunan Lekki kogi, sannan na sake ganin motar, a bayan janwe. Ya shiga wani layi da ruwa ya rufe, ya hau kan murfin kwata da ya karkace, kwanon baƙin mai ya tsage. Kwanon wannan injin na alminiyam ne, ba ya lotsewa kamar na ƙarfe, tsagewa yake yi. Fitilar mai ta kama ja a gabansa, bai tsaya ba. Ya ci gaba da tafiya da kiɗa a kunne, ya hau gada, har injin ya buga. Da ya isa gida sai ya ce wa mahaifinsa ni ne ban ɗaure notin juye mai ba. Ni da ban taɓa man motar ba! Sifirin kaɗai na taɓa.

Suka zo gareji da mutane. Na kwanta a ƙasa cikin taɓo na haska musu tocila, ga noti nan a ɗaure, ga tsaga nan doguwa a gefe da sawun kankare a jikinta. Alhajin bai ko sunkuya ba. Abokin da aka yi sharaɗi a gabansa ya rantse bai ji komai ba. Mai faci ya faɗi gaskiya, amma wa zai saurari mai faci a gaban ɗan canji? Dattawan gareji suka ja ni gefe, suka ce in yi haƙuri a yi sulhu, domin Alhajin yana kawo aiki ga rewaya da mai fenti da fanel bita, kada rigimata ta toshe abincin kowa. Sulhun shi ne ni zan sayi inji. Na je kasuwar kayan mota ta Ladipo na ɗauko injin tokunbo da kuɗin da na daɗe ina tarawa don in sayi injin ɗaga mota, na ɗaura shi kyauta, cikon aikin farko ma ba wanda ya sake tayar da maganarsa. Shi ya sa har yanzu kuke kwanciya a kan kwali a ƙarƙashin mota. Duk sanda na ga ɗayanku yana jan bayansa a ƙasa, wannan yaro nake tunawa. Ya kuma bi gari yana cewa gareji na ya kashe masa inji, na rasa masu kawo aiki da ban san iyakarsu ba. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba.

Daga baya na hangi motar a wani gareji a Idi-Araba, da sifirin nan dai a jikinta. Tayoyin baya daga waje kamar sababbi, na sa hannu ta ciki sai wayar cikin taya ta soke ni. Wannan shi ne abin da ya kamata ka riƙe. Idan ka sauke mota, saman taya yana karkata ciki, abin da muke kira kamba, kuma yadda tayoyin biyu ke fuskantar juna shi ma yana canjawa. Wannan na biyun ma ya fi cin taya. Accord ta 2003 zuwa 2007 ba a yi mata wurin gyara kamba daga kamfani ba, sai ka sayo hannu na daban mai daidaitawa. Corolla ɗin abokinka ta fi sauƙi a gaba, ana samun notin kamba da ake sawa a gindin shok. Bayanta kuma sanda ɗaya ce ta haɗa tayoyin biyu, babu abin juyawa, amma ita ma ba ta cika karkacewa ba. Kada ka kai alaimen ranar da ka gama aiki. Bari ta yi kamar mako guda tana tafiya, sifirin ya zauna, sannan a kai wurin mai kwamfuta, ba mai zare ba.

Akwai kuma wani abu da nake ganin har manyan makanikai suna sakaci da shi. Duk notin bushin (robar da ke mahaɗar ƙarafan ƙafar mota) da ka sassauta, kada ka ɗaure shi mota tana rataye a kan jak. Sauke ta, nauyinta ya hau tayoyi, sannan ka ɗaure. In ba haka ba robar za ta zauna a murɗe, ta yage cikin 'yan watanni, mai mota ya dawo ya ce ka sa masa jabu. Ka duba bol-join da tayirod da robar shaf, wato sauran kayan ƙafar mota, kafin ka fara, domin duk wanda ya gaji a cikinsu, taurin sabon sifirin zai ƙarasa shi. Fitilun gaba ma ka sake saita su.

Masu ɗauko wutar mai walda su gasa sifirin har ya yi ja don ya sauka, waɗannan ba makanikai ba ne. Wuta tana kashe ƙarfin ƙarfen, ɓangare ɗaya ya fi ɗaya sauka, wata rana ya karye a kan hanya. Idan na ji labarin yaron gareji na ya yi haka, ko ya sa dutsen yanka, ranar ya gama aiki da ni, kuma babu takardar yaye.

Ku yaran yanzu kuna son a ce kun iya kafin ku iya. Mu da muka koyi aiki, sai ka daɗe kana miƙa sifana kafin maigida ya bar ka ka taɓa ƙafar mota, domin ƙafar mota ita ce ran mutanen da ke cikinta. Kai kuwa kana so ka yi ranar Lahadi a ɓoye, don ka sami na kati da suna wurin abokai.

Ba za ka yi kai kaɗai ba. Ka ce masa ya kawo ta gareji ranar Asabar, da ni za a yi. Kafin nan ka je ka ga layin gidansu da idonka, ka ga yadda ake haye kwata a shiga ƙofa, ka ƙirga tudun rage gudu da ke tsakanin gidan da babban titi. Ka tambaye shi mutum nawa yake ɗauka a baya, da ko yana zuwa Arewa da ita da kaya a but, domin mota mai gajeren sifirin idan an loda ta taya tana gogar madigadi. Idan yana kan tayarta mai lamba 205/55 R16 ya bar ta haka, kada ya haɗa saukewa da babban wili da siririyar taya, ramin farko zai lanƙwasa masa wilin. Sifirin kuma sai na ga lambarsa a jikinsa da rasit ɗin inda ya saya, kada ya wuce milimita 30, kuɗin shok da na alaimen su zo gaba ɗaya kafin a kwance noti ko ɗaya. Sharaɗin kuma a rubuce, ya sa hannu. Tsofaffin sifirin ɗin ka ɗaure su biyu-biyu, ka rubuta na gaba da na baya, ka ajiye masa a wuri mai kyau, domin ranar da zai sayar da motar mai saye zai ce a mayar da ita yadda take.