Wai lambar firam tana da ƙarshe?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Malamin lissafinmu ya ce an gano wata lambar firam da tsawonta ya haura alƙaluma miliyan 41, to don Allah ita ce ta ƙarshe? Kuma ya aka yi aka san ba ta rabuwa? Ɗalibar sakandare daga Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yata, Allah ya ƙara basira, wallahi na ji daɗin tambayar nan. Malaminku ya yi gaskiya. Firam dai kin sani ita ce lambar da ba abin da ke raba ta daidai sai 1 da ita kanta, irin su 7 da 13. Wadda yake magana a kai, ki jera 2 har sau 136,279,841 ki ninka su duka sannan ki cire 1, abin da ya fito yana da alƙaluma 41,024,320. Wani ba'amurke Luke Durant, tsohon ma'aikacin kamfanin kayan kwamfuta na NVIDIA, shi ya gano ta a watan Oktoban 2024 ta hanyar shirin GIMPS na neman manyan lambobin firam, wanda 'yan sa-kai ke ba da aron kwamfutocinsu tun 1996.

Amma ba ita ce ta ƙarshe ba, ita ce dai babba cikin waɗanda aka gano. Sama da shekara 2,000 ke nan Yuklid, wani masanin lissafi Bagirke, ya kashe wannan magana, kuma hujjar tasa ke ma za ki iya bi da biro. Mu ce firam sun ƙare, ki ninka su gaba ɗaya ki ƙara 1, to duk wadda kika ɗauka cikinsu kika raba da ita sai 1 ta rage, ke nan dole akwai wata firam da ba ta cikin lissafinki. Shi ke nan fa, ba su da iyaka.

Maganar gwaji kuma, ba wanda ya zauna yana rabawa ɗaya bayan ɗaya, kwamfuta ma ba za ta taɓa gamawa ba. Lambobin da aka gina da ninkin 2 a cire 1 ana kiransu lambobin Mersenne, sunan wani malamin coci ɗan Faransa da ya rasu a 1648, kuma suna da gwajinsu na musamman mai sauri, gwajin Lucas-Lehmer, shi ya sa kusan kullum su ke riƙe da kambun. Lucas ɗin nan, masanin lissafi ɗan Faransa, da hannu ya tabbatar da wata mai alƙaluma 39 a 1876, ba kwamfuta ba kalkuleta!

Sai dai ki kula, ba kowace irinsu ce firam ba ko da adadin ninkin firam ne. Gwada jera 2 sau 11 ki ninka ki cire 1, za ki samu 2047, wadda 23 sau 89 ce. Shi ya sa da wannan ta 2024 ɗin firam irin na Mersenne guda 52 kacal aka sani. Ki gwada da 5 da 7 a littafinki, ki rubuto mana abin da kika samu.