Wat 60 ya ishe ka, amma ka duba wutar da yake ci

Ka ce lasifikokinka biyu masu om 8 ne, falon kuma madaidaici, kana tambaya ko ka ɗauki amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti) mai wat 60 ko ka ƙara kuɗi ka sayi mai 120. Ɗauki mai 60 ɗin, malam, muddin RMS ne, wato ainihin ƙarfin da yake bayarwa a kai a kai, ga kowane lasifika, ba lambar PMPO da ake lafta wa kwali don jan mai saye ba. Ninka wat sau biyu desibel 3 kacal yake ƙarawa a ma'aunin ƙarar sauti, kunne zai ji bambanci amma kaɗan ne. Yamaha A-S301, alal misali, wat 60 ne a om 8, yana da mashigar optical ta talabijin da ta phono in kana jin faifan garmaho. Rarar kuɗin ka zuba ta a lasifika, can ne sauti ya fi sauyawa.

Sharaɗi ɗaya, don ni ya taɓa ci na. In na hannu za ka saya, juya bayansa ka karanta abin da aka rubuta kusa da igiyar wuta kafin ka biya. Na taɓa sayen wanda aka shigo da shi daga Amurka, 120V aka rubuta, ban lura ba na jona shi a wutarmu mai 230V. Ƙara ɗaya ya yi, sai ƙaurin ƙonewa ya cika ɗakin, taransifomar ciki ta tafi. In ka ga 120V, ko dai ka haɗa da taransifoma mai rage wuta, ko ka bar musu kayansu.