Saura Shekara Uku In Yi Ritaya, Kuɗina Na Narkewa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba Akanta. Ni ma'aikacin gwamnatin tarayya ne a nan Zariya, shekarata 57, saura shekara uku in ajiye aiki. Kamfanin fanshona kan turo mini saƙo, ina ganin kuɗin suna ƙaruwa, yanzu sun kai naira miliyan 11. Ina kuma da miliyan biyu a banki da na daɗe ina tarawa. Amma duk ranar da na shiga kasuwar Sabon Gari sai gabana ya faɗi. Wasu abokai sun ce in sayi Keke Napep, wasu sun ce fili, wani kuma ya nuna mini wata harka a waya mai ba da ribar kashi 20 cikin ɗari duk wata. Ni kuma ba na son abin da ya shafi kuɗin ruwa. Ina mafita?
Mai karatu daga Tudun Wada, Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Faɗuwar gaban nan da kake yi a Sabon Gari ta fi saƙon kamfanin fansho faɗa maka gaskiya.

Ni a 2019 na ajiye aiki. Watan da fanshona na farko ya shigo, na sayi buhun shinkafa da jarkar man gyaɗa da tiya goma ta wake, na biya kuɗin wuta, har na bar wa uwargida na cefane. Ina da wani ɗan littafi mai jan bango da nake rubuta irin wannan sayayya, yana nan gabana yanzu haka. Kuɗin da ke shigo mini ba su canja sosai ba, amma a ƙarshen 2024 buhun shinkafar kaɗai sai da na yi masa ciko. Tun daga nan na daina ƙirga dukiya da naira, na koma ƙirga ta da buhu da tiya. Kai ma haka nake so ka riƙa yi.

Duk mun ga yadda abin ya faru. Ran 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur, a watan Yuni aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi, dalar da ke wajen naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a cikin 2024. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Mafi ƙarancin albashi na dubu 30 da aka sa a 2019 ya fi dala 80 a lokacin, na dubu 70 da aka sa a 2024 kuwa bai kai dala 50 ba. Kuma idan ka ji a rediyo an ce hauhawar farashi ta sauka, ba cewa aka yi kaya sun koma farashinsu na da ba. Gudun hawan ne ya ragu.

Miliyan biyun nan taka ta banki ita ta fi tsaya mini a rai. A ce kaya za su riƙa tashi da kashi 25 duk shekara. Ranar da za ka karɓi takardar ritaya, wannan kuɗi abin da miliyan ɗaya da dubu 24 ke saya yau shi za su saya maka. Ba wanda ya taɓa maka kobo, amma rabi ya tafi. Ko da kana karɓar kuɗin ruwan asusun ajiya, a 2024 bai wuce kashi takwas da ɗan abu ba.

Kuɗin fansho kuwa ba ka da ikon taɓa su yanzu, amma kana da ta cewa a kan inda ake juya su, kuma mutanenmu da yawa ba su san haka ba. Tun 2018 hukumar PenCom mai kula da harkar fansho ta kasa kuɗin gida-gida. Wanda ya kai shekara 50 akan sa shi a Asusu na Uku, inda yawancin kuɗin ke cikin takardun bashin gwamnati. A 2021 aka buɗe Asusu na Shida, wanda babu kuɗin ruwa a cikinsa, ana juya shi ne a Sukuk, wato takardun zuba jari masu biyan kuɗin haya maimakon kuɗin ruwa, da sauran hanyoyin da shari'a ta yarda da su. Ka je ofishin kamfaninka da ƙafarka ka nemi a mayar da kai can. Ka kuma ce su nuna maka a rubuce ribar da asusun ya yi a shekara ukun da suka wuce, ka gwada da ta sauran kamfanoni, domin tun Nuwamban 2020 ma'aikaci na da damar sauya kamfani sau ɗaya a shekara. Ba zan ɓoye maka ba, a 2024 ribar asusun fansho ba ta kamo gudun tsadar kaya ba. Rage asara ake yi.

Idan kafin 2004 ka fara aiki, akwai haƙƙinka na tsohon tsari da gwamnati za ta zuba maka, kuma sai an tantance ka. Ka duba takardunka tun yanzu: ranar haihuwa, ranar ɗaukar aiki, yadda aka rubuta sunanka. Harafi ɗaya ya sha tsayar da kuɗin mutum wata da watanni. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ranar ritaya za a ba ka wani kaso a dunƙule, ragowar kuma ka zaɓi ɗayan biyu. Ko dai kuɗin su zauna a asusunka ana juya su ana biyan ka wata-wata, in ka rasu abin da ya saura ya shiga gado. Ko a miƙa su ga kamfanin inshora ya riƙa biyan ka har ƙarshen rai, abin da suke kira anuwiti. Na biyun yana da kwanciyar hankali, sai dai yawanci adadin a tsaye yake, kuma wanda ya shiga ba ya dawowa na farko. Ni na farkon na zaɓa, saboda gado, da kuma ganin cewa kuɗin da aka yanke yau ba su za su ciyar da ni nan da shekara goma ba.

Harkar wayar nan, kada ka ko sake buɗe ta. Kashi 20 duk wata na nufin kuɗinka su ninka kusan sau tara a shekara. Wace sana'a ce a Zariya ko a Legas ke haka? Kuɗin na baya ake ba na gaba, har ranar da za a rufe. MMM ta tafi da kuɗin mutane a Disambar 2016, CBEX ta maimaita a Afrilun 2025. Duk wanda zai juya maka kuɗi, ka fara tabbatar da cewa yana da rajista da hukumar SEC mai sa ido kan kasuwar hannun jari.

Keke Napep sai in kai za ka tuƙa, ko ɗanka na cikinka. In ba haka ba, balas na wata uku ne mai daɗi, sauran kwanakin kana garejin makanike.

Fili yana riƙe daraja, wannan gaskiya ne, kuma wanda ya sayi fili a bayan Samaru ko hanyar Shika shekaru goma da suka wuce bai yi nadama ba. Amma fili ba ya ba ka tuwon dare. Ranar da asibiti ya ce a kawo kuɗi, dillalai na ganin idonka za su karya shi. Ga kuma awon igiya da fili ɗaya mai masu uku. In babu takardar da KADGIS, hukumar rajistar filaye ta jihar Kaduna, ta sani, ka riƙe kuɗinka. Ɗakunan hayar ɗalibai a Samaru da Kongo sun fi, tunda kuɗin haya na bin tsadar zamani, amma ka tuna yajin aikin malaman jami'a na 2022 da ya ɗauki wata takwas, masu ɗakuna suka zauna suna kallon kwaɗo a ƙofa. Kuma miliyan biyu ba ta gina su.

Ajiye hatsi ma na taɓa shi. A kakar 2024 na sayi buhu 20 na masara a kasuwar Giwa, na sa magani, na jera a ɗakin zaure a kan katako, ina jiran bazara kamar yadda aka saba. Gwamnati ta riga ta janye harajin shigo da hatsi na wani lokaci, farashi ya yi ta gangarowa a 2025, na sayar da asara mai ciwo. Abin da ya cece ni, buhu shida da na ware wa gida. Su ba su yi asara ba, domin cin su muka yi.

To ga yadda zan yi da miliyan biyun da ni ne. Kashi ɗaya in sayi abincin gida na shekara a lokacin kaka: masara, wake, shinkafa 'yar Hausa. Kashi ɗaya in bar shi kusa saboda rashin lafiya, a bankin da ba ya harkar ruwa irin su Jaiz ko TAJ. Mafi yawa in sa a Sukuk na gwamnatin tarayya in an buɗe sayarwa. Na farko an yi shi a 2017, na naira biliyan 100, aka gina hanyoyi da shi, ya biya kashi 16.47 a shekara, ana raba kuɗin hayar duk wata shida, kuma da dubu 10 ma ana shiga. Ɗan abin da ya rage in ɗaure tumaki biyu ko uku a bayan gida tun ina aiki, in koyi farashin dusa da harawa da kuɗina kaɗan, in ga ko jikina da haƙurina za su ɗauka. Shekara ukun nan ta koyon sana'a ce, Malam, kafin kuɗin sallama su zo hannunka.

TAMBAYA: Baba, ni malamar asibiti ce, muna adashin dubu 50 duk wata mu goma sha biyu. Kullum ni ce kwasar ƙarshe. Wata ta ce gara in riƙa sayen gwal. Haka ne?
Wata 'yarka daga Gyallesu

AMSA: 'Yata, a zamanin tsada mai kwasar ƙarshe ita ke ɗauke wa kowa nauyi: dubu 600 ɗinki ta Disamba ba ta sayen abin da ta mai kwasar Janairu ta saya. Ki faɗa wa uwar adashi a riƙa juya layi duk zagaye, ko a yi ƙuri'a. Gwal kuma yana bin dala, shi ya sa iyayenmu mata ba su yi wauta ba da suka riƙe shi. Ki sayi mara ado da yawa, domin kuɗin ƙira ba ya dawowa ranar sayarwa. A auna a gabanki, ki karɓi rasit mai ɗauke da nauyi da lambar karat, kuma kada 'yan biki su san inda kike ajiye shi. In ya kai giram 85 ya shekara a hannunki a matsayin ajiya, ki tuntuɓi malami kan zakkarsa.